Daga Taswirar Hannu zuwa Kibiyar Jagora: Tarihin Wasannin Jarumta na Kwamfuta

Shiga rigar wani domin wasa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A tashen watan azumi yaro kan zama tsoho mai gemun auduga, a wasan kara na Damagaram kuma samari kan kwaikwayi sarki da fadawansa. Irin wannan sha'awa ce ta haifar da wani reshe na wasannin kwamfuta, inda mai wasa ke zama jarumi, ya zaɓi halinsa da makaminsa, ya ratsa wata ƙasa ta ƙage. Tun da wayar hannu ta buɗe wa matasa ƙofar wasannin zamani, daga Azarori har Madawa, Buza da Keita, ya dace malamai su san asalin abin.

Tushensa wasan tebur ne mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke jan labarin kamar mai ba da tatsuniya, sauran su faɗi abin da jarumansu za su yi, sannan a jefa ƙwaya irin ta lido ta yanke hukunci. A 1981 wasannin Wizardry da Ultima suka kai wannan tsari cikin kwamfutocin gida. Da yake na'urorin lokacin ba su da ƙarfi, rubutu da ƴan zane-zane kawai ake gani. Mai wasa kan zana taswira da hannunsa a takarda, ya yi faɗa bi da bi kamar a dara, in ya ɓata hanya kuwa babu mai nuna masa. A 1985 Richard Garriott ya fitar da Ultima IV, inda nasara ta rataya a kan kyawawan halaye takwas, ciki har da gaskiya, tausayi, adalci da tawali'u. A Fallout na 1997 ma ana iya shawo kan babban abokin gaba da hujja, ba tare da an yaƙe shi ba.

Da na'urori suka ƙarfafa, sai salon ya karkata ga kallo. Final Fantasy VII na Japan, shi ma a 1997, ya zo da fitowa irin ta fim. Oblivion na 2006 ya sa kibiya mai nuna wa ɗan wasa inda zai nufa, ya daidaita ƙarfin maƙiya da nasa, ya kuma ba mutanen labarin murya. Wannan ya jawo ɗimbin sababbin masu wasa, amma kowane allazi da nasa amanu. Ɗaukar murya na cin kuɗi, don haka kamfanoni da dama suka taƙaita rassan zance, kuma wanda kibiya ke ja ba ya bukatar karanta kwatance ko riƙe hanya a ka.

Tsohon salon bai mutu ba. A 2012 masu sha'awarsa suka tara wa kamfanin Obsidian kusan dala miliyan 4, aka samu Pillars of Eternity a 2015. A 2023 Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian na Beljiyam ya haɗa faɗan bi da bi da jefa ƙwaya da hotunan zamani, ya lashe manyan kyaututtukan shekarar. A Afirka kuwa, Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, bisa al'adun nahiyar.

Darasin da ke nan ga makarantu da ƙungiyoyin al'adu shi ne, tsohon salo ya fi bukatar alƙalami da iya labari a kan dukiya. Malami mai takarda da ƙwayar lido na iya jan ɗalibansa cikin labarin Bayajida, ko turjiyar Sarauniya Mangu a Lugu a 1899, kowane yaro ya ɗauki matsayi, ya yanke shawara, ya ga abin da ta haifar. In aka yi sakaci, yaran za su ci gaba da shiga rigunan jaruman wasu ƙasashe, nasu na ajiye a bakin tsofaffi.