Yadda Shaihu Umar Ya Fito Daga Littafi Ya Shiga Majigi

A cikin shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, wadda Dokta East ke shugabanta, ta sa gasar ƙaga labari da Hausa. Cikin waɗanda suka yi nasara har da wani malamin Makarantar Midil ta Bauci, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Littafinsa shi ne Shaihu Umar.

Labarin na zamanin bauta ne. An sace Umar yana yaro, har ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu. Uwarsa kuwa ta bi sawunsa, ita ma aka mai da ita baiwa. Ba su sadu ba sai da wahala ta gama cinye ta, ta rasu ba da jimawa ba.

To, a cikin littafin Shaihu ne ke zaune yana ba almajiransa labari, watau kome da bakinsa ake jinsa. Wasan kwaikwayo kuwa ba ya yarda da haka, sai an ga abu da ido. Wannan shi ne aikin da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad, suka sha. Kamfanin Longman ya buga wasan nasu a 1975. Amma ina dandalin da zai ɗauki ayarin raƙuma da rairayin hamada? Sai majigi. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin da harshen Hausa, Umaru Ladan ya fito a Shaihu, aka kuma nuna shi a bikin FESTAC a Ikko cikin 1977. Mai littafin bai ga ko ɗaya ba, gama an kashe shi a watan Janairu na 1966.

Abin mamaki, littafin nan na takarda ya yi ta yawo a makarantu, fim ɗin da aka kashe wa dukiya kuwa ya ɓace, har aka fid da tsammani. Sai a 2016 aka gano asalin faifansa cikin ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Masana a Jamus suka gyara shi, aka sake nuna shi a birnin Balin cikin 2018, shekara 42 bayan shirya shi.