Atom da Pluto: Labarin Butum-Butumin da Ya Ƙi Ƙarasa Abokin Gabarsa

Duk wanda ya zauna a Kudu ya san kalmar Voltron, ko don yadda ake kiran mai shiga faɗan da ba nasa ba da ita. Yayyenmu sun kalli wannan katun a NTA, amma da yawa ba su san asalinsa na Japan ba ne. Can ne gidan labaran manyan butum-butumi na ƙarfe, kuma tun kafin talabijin a littattafan zane da suke kira manga aka fara su. Yau ɗaya daga cikinsu nake so mu duba.

Sai mai karatu ya fara sanin halin da ƙasar take ciki. A watan Agustan 1945 Japan ta miƙa wuya bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki. Ba wai ita ma hannunta tsarkakakke ba ne, abin da sojojinta suka yi a Nanjin ta ƙasar Sin a 1937 ya isa shaida. Amurka ta mamaye ta har 1952. An kafa kotu a Tokiyo, an rataye mutum bakwai a 1948, ciki har da tsohon firayim minista Tojo, amma ba a gurfanar da Sarki Hirohito ba, kuma abincin agaji daga Amurka ya shiga makarantun yara. Wato mutanen Japan sun ɗanɗani zama a ƙasa suna jiran abin da wanda ya kayar da su zai yi da su.

Osamu Tezuka, wanda aka haifa a 1928, yana saurayi ya ga ruwan wutar da aka yi wa Osaka. A 1952 ya fara zana labarin Atom, ɗan ƙaramin butum-butumi mai siffar yaro, wanda Turawa ke kira Astro Boy. Babin da ya fi shahara ya fito ne tsakanin 1964 da 1965, daidai lokacin da Tokiyo ta karɓi wasannin Olamfik.

Ga yadda labarin yake. Wani sultan da aka tuɓe ya sa an ƙera masa ƙaton butum-butumi mai ƙaho biyu, sunansa Pluto, mai ƙarfin doki miliyan ɗaya, aka ba shi aiki guda: ya farfasa butum-butumi bakwai mafi ƙarfi a duniya. Akwai Mont Blanc na Siwizalan, North 2 na Sikotilan, Brando na Turkiyya, Gesicht na Jamus, Hercules na Girka, Epsilon na Ostireliya, sai Atom mai ƙarfin doki 100,000 kacal. (Gaskiya ban ji daɗin yadda aka ɗora muguntar a kan mai sarautar sultan ba, amma mu bar wannan tukuna.)

Sau uku Pluto yana faɗuwa a hannun waɗanda aka aiko shi ya kashe. Na farko bayan karonsa da Brando, ya yi nasara amma ya lalace, yana kwance ba ya iya tashi. Uran, ƙanwar Atom, wadda ta saba da shi, ita ta roƙi yayanta, Atom ya je ya taimake shi alhali ya san sunansa na cikin jerin.

Na biyun shi ne ya fi tsaya mini a rai. Pluto ya maƙale a cikin taɓo a ƙarƙashin teku, Epsilon na wurin. Ba sai ya ɗaga hannu ba ma, juya baya kawai zai yi magana ta ƙare. Amma ya ciro shi. To me ya samu? Daga baya Pluto ya zo masa a ranar da babu hasken rana, shi kuwa Epsilon da haske yake aiki, kuma ya mutu yana kare wani ƙaramin yaro da jikinsa. Mu da muka tashi a kasuwa mun saba da lissafin cewa in ka yi wa mutum sauƙi yau, gobe zai dawo rumfarka. Tezuka bai yarda ya yi wa yaran da ke karanta shi wannan alkawari ba. Epsilon ya ba da bashin da ba a biya shi ba, kuma ba a nuna shi a matsayin wawa ba.

Na ukun a kan Aso ne, dutse mai aman wuta da ke tsibirin Kiyushu. A lokacin an ƙara wa Atom ƙarfi ya kai miliyan ɗaya. Suna cikin faɗa dutsen ya fara barazanar fashewa, suka ajiye faɗan suka haɗu suka tare shi. Da aka koma Atom ya kayar da Pluto, sai ya ƙi ƙarasa shi. Pluto ma ya ƙi ci gaba da aikin da aka ƙera shi dominsa. Duk da haka bai tsira ba, wani da ya fi shi ƙarfi mai suna Bora ne ya hallaka shi.

A ganina dalilin Atom bai wuce wannan ba: Pluto bai taɓa ƙin kowa ba, aike shi aka yi. Mutanen da suka karanta wa 'ya'yansu wannan labari a 1964, da yawansu shekara ashirin da suka wuce su ne aka sa wa kaki aka tura Sin da Bama da Filifin. Tun a 1956 Mitsuteru Yokoyama ya taɓo wannan batu a Tetsujin 28, ƙaton ƙarfen da aka ƙera don yaƙi, wanda ke zama na kirki ko mugu gwargwadon wanda rimot ke hannunsa. Tezuka ya wuce nan, ya ba makamin zuciya, sannan ya bar abokin gabarsa da tambayar ko halal ne a fasa shi bayan ya faɗi.

A 2003, shekarar da Amurka ta shiga Iraƙi, Naoki Urasawa ya fara sake zana wannan babi da sunan Pluto, ya kammala a 2009, Netflix kuma ta fitar da katun ɗinsa a 2023. A nasa, wata babbar ƙasa ce ta zargi masarautar Farisa da ɓoye makaman kare-dangi, aka tura masu bincike ba su samu ba, aka kuma yi yaƙin duk da haka. Pluto a nan asalinsa Sahad ne, butum-butumi ɗalibin ilimin tsirrai da ke burin ganin furanni sun tsiro a hamadar ƙasarsa, kafin wanda ya rasa iyalinsa a yaƙin ya mayar da shi makamin ramuwa. Atom ya zo masa cike da ƙiyayya, ya kayar da shi, ya ɗaga hannu zai fasa shi, sai ya tsaya. Sahad ɗin da aka bari da rai shi ne ya je ya tare bam ɗin Bora, kuma a can ya mutu.