KORA: Bikin Mawaƙan Afirka da Ya Saba da Ɗage Rana

A ƙarshen Disambar 2012 birnin Abidjan na ƙasar Kwaddebuwa ya cika da baƙi. Mawaƙa sun sauka daga sassan nahiyar, masu kyamara sun kafa kayansu, gidajen talabijin sun ware daren Asabar 29 ga wata domin bikin karrama mawaƙan Afirka na KORA. Ana cikin haka sai ga sanarwa: an ɗage biki zuwa Lahadi. Dalilin da aka fara bayarwa shi ne babban baƙo, mawaƙin Amurka Chris Brown, bai iso ba. Ya iso daga baya tare da Rihanna, aka yi biki ranar 30 ga wata, DJ Arafat ɗan gida ya ɗauki babbar kyauta.

Waɗanda suka san tarihin KORA ba su ɗaga gira ba. A wurinsu jinkirin kwana ɗaya ai sauƙi ne.

Ernest Adjovi, ɗan kasuwa daga Jamhuriyar Benin, shi ya assasa bikin a 1994, da burin Afirka ta samu nata dandalin kamar yadda Amurka ke da Grammy. Ya aro sunan daga abin kiɗan Mandinka na Gambiya da Senegal da Mali da Gini: ƙatuwar ƙwarya da aka rufe da fatar saniya, da dogon wuya, da tsirkiya 21. Mai kaɗa ta yakan riƙe ƙananan sanduna biyu, yana taɓa tsirkiyoyin da manyan yatsu da manuniya kawai. Kayan maroƙan fada ne, masu adana tarihin sarakuna, waɗanda cinsu da suturarsu ke wuyan ubangida. Bikin da ya ɗauki sunanta ma bai tsira daga wannan dogaro ba.

An yi na farko a Johannesburg a 1996, shekara biyu bayan Nelson Mandela ya hau mulki. Afirka ta Kudu na ɗokin komawa cikin danginta bayan wariyar launin fata, tana kuma da manyan zauruka da gidajen talabijin masu kayan aiki. Shekara goma a jere ana yin bikin a can, akasari a Sun City da Johannesburg, na 2005 kuma a Durban.

Wannan ne zamanin da KORA ta ci kasuwarta. Lokacin babu YouTube, waƙa ba ta cika ƙetare iyaka ba sai a kaset ko a rediyo, mai sauraro a Legas bai cika sanin abin da ake rawa da shi a Kinshasa ko Dakar ba. Sai ga dare ɗaya da ake watsawa kai tsaye zuwa ƙasashe da dama, masu Faransanci da masu Turanci da masu harshen Fotugal a kan dandali guda. Youssou N'Dour da Papa Wemba da Cesária Évora da Brenda Fassie duk sun karɓi kofin. A 1999 Femi Kuti ya yi nasara, a daren da Michael Jackson da Mandela suka hau dandalin Sun City tare. A 2002 Koffi Olomide na Kongo ya kwashe kyaututtuka huɗu rigis, har magoya bayansa suka yi masa laƙabi da su.

Bayan Durban sai aka ji shiru. Babu biki a 2006, babu a 2007.

Da aka tashi farfaɗo da shi, sai aka ɗauki salon nemo gwamnatin da za ta karɓi baƙunci ta zuba kuɗi, ita kuma a tallata mata gari a idon duniya. Jihar Kuros Riba ce ta fara miƙa hannu. Tana da sabon wurin kasuwanci da shaƙatawa na Tinapa kusa da Kalaba, wanda aka gina a zamanin Gwamna Donald Duke, tana neman abin da zai ja masa jama'a. Aka sa bikin a 2008, aka kuma yi shelar dala miliyan 1 ga gwarzon shekara. Jituwa ta gagara tsakanin masu shiryawa da gwamnatin jihar, magana ta koma Legas, can ma aka yi ta gobe jibi har zance ya bi ruwa. A 2011 'yan sandan Najeriya sun tsare Adjovi don amsa tambayoyi kan zargin kuɗaɗen da aka biya.

Kasuwa kuwa ba ta jira ba. A Nuwamban 2008, daidai lokacin da ake ta ja-in-ja kan KORA, tashar MTV ta yi nata bikin na farko na mawaƙan Afirka a Abuja, inda D'banj ya zama gwarzo. A 2014 AFRIMA ta biyo baya a Legas da goyon bayan Tarayyar Afirka.

Bikin da aka yi wa Kalaba alkawari sai a Afrilun 2010 aka yi shi, a Wagadugu ta Burkina Faso, zamanin Blaise Compaoré. Tagwayen Najeriya P-Square ne suka lashe dala miliyan ɗayan, amma rahotanni sun yi ta nuna cewa kuɗin ba su shiga hannunsu ba. Abidjan ta karɓa a 2012 da nata dalili: ƙasar ba ta daɗe da fita daga rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011 ba, wanda ya ci rayuka kusan 3,000, gwamnati na son duniya ta ga an koma kiɗa da rawa.

Sai Namibiya. An tsara bikin Windhoek a Disambar 2015, aka matsar da shi zuwa 20 ga Maris 2016. An fitar da sunayen 'yan takara, mawaƙa suka shiga roƙon masoya su kaɗa musu ƙuri'a, tela ya karɓi ɗinki. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta riga ta biya kamfanin Adjovi, Mundial Telecom, kusan dalar Namibiya miliyan 23.5 don a tallata ƙasar a lokacin watsa bikin. Ana saura 'yan kwanaki aka sake ɗagewa, wannan karon ba tare da sabuwar rana ba.

Ranar 20 ga Maris ta zo ta wuce, babu fitila babu kyamara. Hukumar ta garzaya kotu, aka shafe shekaru ana shari'a, kafin babbar kotun Windhoek ta umarci kamfanin ya mayar da kuɗin.