Gini a Filin Wani: Darasi Daga Tarihin Kayan Haɗa Manhaja

Duk mai son haɗa manhaja a yau yakan tsaya tsakanin hanyoyi biyu. Ko ya ɗauki ƙwararru su rubuta ta a kan ginshiƙin da wani kamfani ya mallaka, ko ya shiga dandalin da ake haɗa ta da linzami, a ja wannan a ajiye can, ba tare da dogon rubutun umarni ba. Wannan zaɓi ya girmi yawancin masu yin sa.

A 1987 kamfanin Apple ya fito da HyperCard, wadda Bill Atkinson ya ƙirƙira, ana ba da ita kyauta tare da kwamfutar Macintosh. Malamin makaranta ma sai ya jera "katuna" ya haɗa manhajar darasi da kansa. Amma Apple ya yi watsi da ita a hankali, ya daina sayar da ita a 2004.

To, su ƙwararrun fa, sun tsira? Ina! Microsoft ya kawo Visual Basic a 1991, kuma zubi na 6 da ya fito a 1998 ya zama abin dogaron ɗimbin ofisoshi. A 2002 sai aka maye gurbinsa da Visual Basic .NET, wanda tsofaffin manhajoji ba sa hawa kansa sai an yi musu gyara mai yawa. A 2005 dubban masu amfani da shi suka sa hannu a takardar koke, amma a 2008 kamfanin ya daina kula da kayan rubuta shi. Wasu suka sake aikin shekaru daga tushe.

Haka aka sake yi da App Maker na Google, dandalin ja-ka-ajiye da aka buɗe a 2016 aka rufe a Janairun 2021. Sai dai a nan akwai abin lura: bayanan da ke ajiye a rumbun Cloud SQL sun tsira, manhajojin ne aka sake ginawa.

Hanyoyin biyu sun bambanta wajen sauri da kuɗi da ƙwarewar da suke buƙata, amma makullinsu duka yana hannun mai filin. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Don haka kafin ka zaɓa, ka tambaya: ranar da aka rufe dandalin, me zan iya ɗauka in fita da shi? Idan bayananka na cikin rumbun da wata manhaja za ta iya karantawa, kuma ƙa'idojin aikinka na rubuce a wajen dandalin, ƙaura za ta zo maka da sauƙi.