Somnat: haikalin bakin teku da aka rusa sau da dama, da faɗan da ake yi kan labarinsa

Jama'a, duk wanda ya girma yana kallon fim ɗin Indiya a Maraɗi ko Damagaram ya sha ganin wannan: jaruma ta shiga ɗakin bauta, ta kaɗa ƙararrawa, ta zuba madara bisa wani dunƙulen dutse baƙi. Muna gani muna wucewa, hankalinmu na wurin faɗa da waƙa. To wannan dutse shi ake kira linga, alamar Shiba, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar mabiya addinin Hindu. Suna da wurare 12 da suka ɗauka mafi tsarki ga Shiba, na farkonsu kuwa shi ne Somnat, a jihar Gujarat, yammacin Indiya, gab da tekun Larabawa, kusa da garin masunta na Berabal. Mun ɗauko tarihinsa yau ne don sunan Musulmi ya shiga cikinsa tun kusan shekara dubu, kuma har gobe Musulmin Indiya na biyan kuɗin wannan labari.

Mu fara da abin da su masu wurin ke cewa. Ma'anar Somnat ita ce ubangidan wata. A tatsuniyarsu, wata mutum ne, sunansa Soma, ya auri ƴaƴa mata 27 na wani dattijo mai suna Daksha. Sai ya ɗauki son duniya ya ɗora wa guda ɗaya, Rohini, ya bar sauran suna zaman jiran tsammani. Suka kai ƙara wurin ubansu. Surukin ya yi gargaɗi bai ji ba, sai ya tsine masa, haskensa ya dinga raguwa kullum. Soma ya sauko bakin teku a wannan wuri, ya yi wanka, ya roƙi Shiba. Shiba bai ɗage tsinuwar duka ba, ya dai sassauta: rabin wata ya rame, rabin wata ya cika. Wai dalilin da ya sa farin wata ke raguwa yana dawowa ke nan. Mu dai mun san Wanda ya halicci wata ya tsara masa masaukai, amma ko a tatsuniya, mai mata da yawa da ya kasa adalci bai sha da daɗi ba. Suka ce Soma ya gina haikalin da zinariya, wani sarki ya sake shi da azurfa, Krishna ya yi na katako, daga baya aka yi na dutse. Kusa da wurin kuma akwai inda suke cewa kibiyar maharbi ta sami Krishna a ƙafa ya bar duniya.

Idan aka bar tatsuniya aka dawo tarihi, abin da ya tabbata shi ne Somnat tashar jiragen ruwa ce mai arziki. Albiruni, babban malamin nan da ya koyi harshen Sanskirit ya rubuta littafi kan Indiya wajen 1030, ya ce shaharar wurin ta zo ne daga matafiyan teku masu zirga-zirga tsakanin Sofala ta gabashin Afirka da ƙasar Sin. Ya kuma ba da labari cewa kullum ana kawo wa dutsen tulun ruwa daga kogin Ganga da kwandon furanni daga Kashmir. Wanda ya duba taswira zai ga nisan, zai gane irin dukiyar da ke bayan wannan hidima. Inda mahajjata da fatake suka haɗu, kuɗi na taruwa, kuma inda kuɗi ya taru idon sarakuna na kai.

A watan Janairu na 1026 Sarki Mahmud na Gazna, wani gari a Afganistan ta yau, ya iso Somnat bayan ya keto hamada da dubban raƙuma ɗauke da ruwa. Sarkin yankin, Bima na ɗaya, ya janye. Aka yi kwanaki ana faɗa, aka kashe mutane masu yawa, aka fasa dutsen, aka kwashe dukiya. Albiruni ya ce an kai wani ɓangare na dutsen Gazna an ajiye a ƙofar masallaci ana takawa. Wannan ya faru, ba mai musunsa. Shi kansa Albiruni, wanda ya zauna a ƙarƙashin mulkin Mahmud, ya rubuta cewa hare-haren sun lalata arzikin ƙasar, sun kuma cusa wa Hindu ƙiyayyar Musulmi.

Daga nan sai marubutan fada suka shiga ƙari. Mawaƙan Farisa suka ce ai gunkin Somnat shi ne Manata, wadda aka ambata a Suratun Najmi, wai an sace ta daga Hijaz an ɓoye a Indiya, don haka Mahmud ya ƙarasa aikin da aka fara ranar buɗe Makka. Babu hujja ko ɗaya kan wannan. Kamannin suna ne kawai aka riƙe, kuma labarin ya yi wa sarki amfani wurin neman yabo da laƙabi daga Halifan Bagadaza. Wasu suka ce gunkin na shawagi a iska da ƙarfin mayen ƙarfe. Wasu suka ce da aka fasa cikinsa lu'ulu'u ya zubo, alhali linga dutse ne curarre, ba shi da ciki. Kada mu manta kuma, takobin Mahmud bai tsaya kan Hindu ba: ya afka wa Multan da Rayyu, garuruwan da Musulmi ke mulki, don ya ce aƙidarsu ta karkace. Mu a ganinmu, wanda ke neman gwarzon addini a nan sai ya yi hattara, don ganima ta yi yawa cikin lissafin.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne abin da ya biyo baya. An gyara haikalin, an ci gaba da bauta. A 1169, zamanin Sarki Kumarapala, aka sake shi da dutse. Malamar tarihi Romila Tapar, wadda ta fitar da littafi sukutum kan Somnat a 2004, ta nuna cewa rubuce-rubucen mutanen yankin na wancan zamani ba su cika ambaton harin Mahmud ba. Sun fi kukan tsufan gini, da iskar teku mai cin dutse, da sakacin ma'aikata. Akwai masana da ba su yarda da ita ba, suna cewa shirun wanda aka ci da yaƙi ba mantuwa ba ne. Amma akwai wani dutse mai rubutu na 1264, da Sanskirit da Larabci, wanda ke da wuyar kaucewa. Yana ba da labarin wani mai jiragen ruwa daga Hormuz, Nuruddin Firuz, da ya sayi fili a Somnat ya gina masallaci, da yardar manyan garin Hindu, har da masu kula da haikalin, aka kuma ware kadarorin da za su riƙe masallacin. Shekara 238 bayan Mahmud ke nan, a gari guda.

Wannan zaman bai hana wasu hare-hare ba. A 1299 rundunar Alauddin Kalji ta Delhi ta sake rusa wurin, sarakunan Gujarat sun taɓa shi bayan haka, Aurangzeb ma ya ba da umarnin a rushe. A 1783 wata sarauniya Hindu, Ahilyabai Holkar, ta gina ƙaramin haikali a gefen kangon, yana nan har yau.

Sai Turawa suka shigo, kuma mu da muka san mulkin mallaka ba za mu yi mamakin salon ba. A 1842, bayan Ingila ta sha kashi a Afganistan, gwamnanta a Indiya, Elenbora, ya sa sojoji su ciro ƙyamaren kabarin Mahmud a Gazna. Ya yi shela cewa ƙyamaren Somnat ne na itacen sandal da aka sace, ga shi Ingila ta rama wa Hindu wulaƙancin shekara 800. Da aka duba sai aka ga itacen wani iri ne na duwatsun can arewa, sassaƙar ma ba ta Gujarat ba ce. Aka jefa su wani ɗaki a ganuwar Agra, suna can. Ƙyamaren ƙarya ne, amma maganar ta zauna: Hindu al'umma guda da aka raunata, Musulmi al'umma guda da ta yi raunin, Bature kuma mai raba faɗa.

Da aka sami ƴanci a 1947, Somnat na cikin masarautar Junagad, wadda sarkinta Musulmi ya zaɓi Pakistan alhali yawancin talakawansa Hindu ne. Indiya ta karɓe yankin, kuma a watan Nuwamba mataimakin firaminista Sardar Patel ya je wurin ya yi alkawarin sake gini. Gandi ya ce to, amma da kuɗin jama'a, ban da baitulmali. Nehru bai so shugaban ƙasa ya halarci buɗewar ba, yana ganin gwamnatin kowa da kowa bai kamata ta jingina da addini ɗaya ba. Shugaba Rajendra Prasad ya ƙi jin shawarar, ya je ranar 11 ga Mayu 1951.

Tsoron Nehru ya tabbata bayan shekara 39. Ranar 25 ga Satumba 1990 jagoran jam'iyyar BJP, Adbani, ya hau motar da aka yi wa ado kamar keken dokin alloli, ya tashi daga Somnat ya nufi Ayodya, yana neman a gina haikalin Rama a inda masallacin Babri yake. Ba a banza ya zaɓi wurin tashi ba: saƙon shi ne yadda aka maido Somnat haka za a maido Ayodya. Ranar 6 ga Disamba 1992 taron jama'a ya rushe masallacin, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka wajen 2,000, yawancinsu Musulmi, talakawan da ba su haɗa komai da wani sarkin Gazna ba. A Janairun 2024 aka buɗe haikalin Rama a filin, kuma firaminista Narendra Modi, wanda ya jagoranci bikin, shi ne shugaban kwamitin amintattun Somnat.

A can bakin teku kuwa hidima na tafiya yadda ta saba. Sau uku a rana, safe da tsakar rana da faɗuwar rana, ana kaɗa ganguna da ƙararrawa, ana zagaya fitilu gaban dutsen, ana zuba masa ruwa da madara, ana ɗora ganyen wata bishiya da suke kira bilba. Ranar Litinin ce ranar Shiba, musamman cikin watansu na damina, Sharaban, sai kuma daren Shibaratri da ake kwana ba barci. Masu ziyara kan yi wanka a mahaɗar koguna uku kafin su shiga, wasu kuma nan suke kawo tokar mamatansu su zuba a ruwa.