Hadda ko Fahimta: Koyar da Plus-que-parfait ga Ɗalibi Bahaushe

Duk wanda ya buɗe Bescherelle, littafin sarrafa aikatau da masu koyon Faransanci ke riƙe da shi daga Faransa har Maraɗi, zai tarar an shimfiɗa kowane aikatau a jadawali, lokaci bayan lokaci, yawancinsu da layuka shida. Daga cikin lokutan akwai plus-que-parfait, mai nuna aikin da ya kammala tun kafin wani aikin da shi ma ya shuɗe. Abin da aka saba shi ne a sa ɗalibi ya rera shi har ya zauna masa: j'avais parlé, tu avais parlé, il avait parlé, nous avions parlé, vous aviez parlé, ils avaient parlé. Wannan hanya, a ganina, tana ƙarar da ƙarfin ɗalibi a inda babu wahala, sannan ta sake shi ba jagora a inda wahalar take.

Ginin kansa ba shi da wani sirri. Gaɓa biyu ce: aikatau mataimaki, avoir ko être, a lokacin imparfait, sai siffar aikatau da ake kira participe passé. Aikatau mai bin ƙa'ida da ya ƙare da -er yana komawa -é, wanda ya ƙare da -ir irin su finir yana komawa -i. A layukan nan shida parlé ko motsi bai yi ba. Mataimakin ne kaɗai ya sauya. Wanda ya san siffofi 12 na mataimakan biyu ya riga ya mallaki wannan lokaci a dubban aikatau. Tarihi ma ya bi ta wajen sauƙin. Latinanci yana da kalma guda mai ɗauke da wannan ma'ana, kamar amaveram, kuma ana ganin ɓurɓushinta a waƙar Eulalie ta wajen shekarar 880, ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen Faransanci. Daga baya harshen ya yar da ita ya rungumi gini mai gaɓa biyu, alhali Fotugisanci ya riƙe tasa har yau.

Wahalar tana wajen sanin inda za a sa shi, kuma jadawali ba ya faɗin wannan. A dubi jimloli biyu: quand le maître est entré, les élèves ont fermé leurs cahiers, da kuma quand le maître est entré, les élèves avaient fermé leurs cahiers. A ta farko shigowar malam ce ta sa aka rufe littattafai. A ta biyu malam ya tarar da su a rufe. Labari biyu ne daban, kuma yaron da ya haddace layukan nan tas yana iya kasa rarrabe su. Abin lura shi ne Bahaushe yana yin wannan bambanci kullum ba tare da ya tsaya tunani ba. Zai ce da malam ya shigo sai ɗalibai suka rufe littattafansu, ko kuwa ya ce ko da malam ya shigo ɗalibai sun rufe littattafansu. Cikin ba da labari kalmar suka ke jan zaren aukuwa gaba, kalmar sun kuwa kan koma baya ta nuna abin da aka tarar an gama. Ke nan ma'anar tana bakin yaro tun kafin ya taka ƙofar aji. Rigar Faransanci kawai yake nema ya sa mata.

Masu kare hadda za su ce jarrabawa, musamman shifta, rubutu take dubawa, kuma avais da avait da avaient duk furucinsu ɗaya ne, sai wanda ido ya saba da su zai rubuta daidai. Gaskiya ne, shi ya sa siffofin nan 12 wajibi ne a haddace su. Amma manyan kurakuran shifta ba a nan suke ba, suna wajen daidaita jinsi da adadi. Arriver da tomber da rester duk masu bin ƙa'ida ne, duk da haka être suke ɗauka, sai a rubuta elle était arrivée, ils étaient tombés. Da avoir kuma, idan karɓau ya riga aikatau zuwa, sai a ce la lettre que j'avais envoyée. Wannan ƙa'ida, wadda ake jingina wa mawaƙi Clément Marot tun 1538, tana wahalar da masu harshen su kansu, har wasu malamai biyu a Beljiyam suka yi kira a 2018 da a soke ta. Rera parler sau ɗari ba zai koya wa kowa ita ba, domin a cikin jimla take bayyana.

Suka ta biyu ta fi nauyi: shigo da Hausa cikin darasin Faransanci yana sa ɗalibi fassara kalma da kalma. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Wanda aka gaya wa cewa plus-que-parfait ma'anarsa ita ce ya riga ya yi, zai dinga cusa déjà ko'ina, ya kuma rasa ta cewa idan ya gamu da si j'avais su, inda babu batun riga, sai nadama irin ta da na sani. Sai dai wannan aibin gwama kalma da kalma ne, ba na gwama yanayi da yanayi ba. Hana Hausa shiga aji ba ya hana yaro tunani da ita, yana dai hana malam gyara kwatancen da yaron ke yi a ɓoye. Nijar ta fara gwajin makarantu masu harshe biyu a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ya kamata masu tsara manhaja su fara wannan darasi da jimloli biyu na Hausa, jadawali ya biyo baya.