Giwar Baƙo da Giwar Manomi: Nazari kan Yawon Buɗe Ido na Hunturu a Arewacin Ghana

Gabatarwa

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ɗari ya takura wa mutanen Turai da Amurka, Ghana kan cika da baƙi. Tun daga shekarar 2019, wadda gwamnati ta keɓe don kiran jikokin bayi da ke ƙetare su zo ganin gida, watan Disamba ya zama kakar masu otal da direbobin haya. Yawancin baƙin a kudu suke yada zango: Accra, da kurkukun bayi na Cape Coast da Elmina, da gadar igiya ta dajin Kakum. Ƙalilan da ke haurowa arewa kusan hanya ɗaya suke bi. Su sauka daga jirgi a Tamale, su shiga mota zuwa gandun dajin Mole, su kwana biyu, su ɗauki hoton giwa, su juya. Salaga da Yendi da Bawku, garuruwan gabas waɗanda fataken Hausa suka sani tun kafin zuwan Bature, ba safai suke shiga lissafinsu ba.

Wannan nazari yana nuna cewa amfanin namun dajin arewacin Ghana da wahalarsu sun rabu, a wuri da kuma a lokaci. Baƙo yana ganin giwa da hunturu a yamma, ya biya kuɗi yana murna. Manomi yana ganinta da kaka a gabas, cikin gonarsa, ya yi asara ba mai biyansa. Muddin ba a haɗa waɗannan biyun ba, dajin zai ci gaba da ƙarewa, garuruwan kuma su ci gaba da zama a bayan fage.

Me ya sa sai hunturu?

Damina ɗaya ake yi a arewacin Ghana, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. A lokacinta ciyawa kan fi mutum tsawo, ruwa yana kwance a kowane kwari, dabbobi su bazu cikin daji. Da iskar hunturu ta taso sai ciyawa ta bushe, wuta ta cinye da yawanta, ƙoramu su ƙafe, ruwa ya rage a 'yan tafkuna. Ƙishirwa ce ke tara dabbobin wuri guda, kuma ita ce jarin wannan sana'a.

A Mole abin a fili yake. Gandun ya fi murabba'in kilomita 4,500, shi ne mafi girma a ƙasar, yana kusa da Damongo. Masaukin baƙi yana bisa gaɓar tudu, tafkunan suna ƙasa. Da sassafe, hazo bai gama wartsakewa ba, ma'aikacin gandu da bindiga a kafaɗa yakan ja baƙi a ƙasa su gangara. Gadu na kiwo a durƙushe bisa gwiwoyin gaba, mariya ta ɗaga kai ta tsaya cak, gwaggon biri na jiran a bar abinci ba mai tsaro. Idan rana ta ɗan ɗaga sai toron giwa ya fito daga cikin itatuwa jikinsa fari fat da ƙura, ya shiga ruwa ya fito baƙi wuluk, ya ɗibi laka da hanci ya watsa a baya. Akwai ɓauna da gwanki da kanki a can ciki, da tsuntsaye fiye da iri 300.

Sai dai wannan daji ba haka aka same shi babu kowa ba. A zamanin mulkin mallaka an riƙa harbe namunsa don a rage ƙudan tsando. A 1958 aka juya manufa aka mai da shi wurin kiyaye dabbobi, daga baya aka tashi ƙauyukan da ke ciki, sannan a 1971 ya zama gandun ƙasa. Ke nan tun daga tushe, wani ne ya bar gonarsa da kushewar kakanninsa kafin baƙo ya sami abin kallo.

Salaga: kasuwar da hanya ta guje wa

Duk Bahaushen da ya ji ana cewa fataken Gwanja, Salaga ake nufi. A ƙarni na 19 ayari kan taso daga Kano ko Katsina ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, a yi watanni a hanya, a komo da goron ƙasar Ashanti. Hauren giwa ma ya ratsa wannan kasuwa, haka nan bayi. Har yau ana nuna wa baƙo dandalin kasuwar bayi, da rijiyoyi masu yawan gaske da aka haƙa don shayar da jama'a da ayari, da wuraren da ke ɗauke da sunayen Hausa, irin su Wankan Bayi da Rafin Ungulu.

Abubuwa uku suka durƙusar da garin. Na farko, Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ikon Ashanti a kan arewa ya karye, cinikin goro ya karkata zuwa Kintampo. Na biyu, yaƙin basasar 1892 kan sarautar Kpembe ya watsa 'yan kasuwa da malamai. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rubuta waƙoƙi da tarihi da Larabci da ajami, ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Na uku shi ne wanda ya fi shafar yawon buɗe ido a yau. Madatsar Akosombo, da aka kammala a 1965, ta haifar da tafkin Volta wanda ya yanke tsohuwar hanyar Kumasi zuwa Tamale ta Yeji da Salaga. Yanzu sai an jira jirgin fito tsakanin Yeji da Makango, don haka manyan motoci suka koma bi ta Kintampo da Buipe.

Sakamakon haka, jikan bawa da ya taso daga Amurka yana kuka a ƙofar teku a Elmina, amma da wuya ya ga inda aka fara sayar da mutane da dama kafin a gangara da su. An gyara wuraren tarihin Salaga a 'yan shekarun nan, wannan abin yabo ne. Amma gini ba ya magana. Ana bukatar 'yan gari masu ilimin ba da labari, kuma mutanen zango su ne suka fi cancanta, da sharaɗin su faɗi gaskiya dukanta: kakanninmu sun kawo karatu da ciniki, sun kuma sayi mutum sun sayar.

Yendi: fatar zaki ba zaki

A arewacin Ghana sarki a kan fata yake zama. Ya Na, sarkin Dagbon da ke fadar Gbewaa a Yendi, da zaki ake yi masa kirari, kuma fatar zaki na cikin alamun gadonsa. Wannan shaida ce cewa dabbar ta taɓa zama maƙwabciyar mutanen ƙasar. A yau labari ya sha bamban. Binciken da aka yi da kyamarorin daji a Mole a ƙarshen shekarun 2000 bai kama hoton zaki ko ɗaya ba. Wani babban bincike da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma kaf kimanin 400 ne, a wurare huɗu: Niokolo-Koba a Senegal, da dajin W-Arly-Pendjari da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, da Kainji da Yankari a Nijeriya. Ghana ba ta ciki. Zaki yana ƙarewa ne idan farauta ta cinye naman da yake ci, ya koma kan shanu, makiyayi kuma ya sa wa mushe guba.

Abin kallon Yendi na mutane ne da tarihi. A Adibo, kudu da garin, mayaƙan Dagbon suka gwabza da Jamusawa a 1896, kuma Yendi ta zauna a hannun Jamus har 1914. Maƙabartar Jamusawa na nan. Kabarin Babatu ma na nan, jagoran Zabarmawa da ya addabi ƙasar Gurunsi da kamun bayi, ya ƙare rayuwarsa a garin a 1907. A Sandema kuwa, kowane Disamba, Builsa suna bikin Feok da rawar yaƙi, da hulunan ƙaho a kai, don tuna yadda suka fatattake shi. Mutum ɗaya, kabari a wani gari, bikin korarsa a wani garin: baƙon da ya ga duka biyun ya fahimci tarihin yankin fiye da wanda ya karanta littafi.

Abin da ya hana Yendi cin wannan gajiya sananne ne. Kisan Ya Na Yakubu Andani II a Maris 2002 ya jefa Dagbon cikin zaman ɗar-ɗar har zuwa Janairu 2019, lokacin da aka naɗa Ya Na Abukari II bayan sulhun da Sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu II, ya jagoranta. Tun daga nan hawan Damba, wanda ake yi a watan Mauludi, ya dawo da armashinsa. Baƙo tsuntsu ne mai tsoro, inda aka yi harbi ba ya sauka, kuma yakan daɗe bai dawo ba.

Bawku: inda giwa ke zuwa ba a gayyace ta ba

Nan ne zuciyar matsalar. Yamma da Bawku, kogin Jan Volta yana gangarowa daga Burkina Faso ya haɗu da Farin Volta. Kwarinsa tsohuwar hanyar giwaye ce, masu kai da komo tsakanin dazuzzukan kudancin Burkina, irin su Kaboré Tambi da Nazinga, da dazuzzukan Ghana da ke ƙarƙashin tudun Gambaga. Shekaru da yawa mutane sun ƙaurace wa bakin kogin saboda baƙin ƙudan da ke haddasa makanta. A 1974 aka fara babban shirin yaƙi da cutar, kuma ya yi nasara. Nasarar ta buɗe ƙasa mai albarka ga jama'ar da ke fama da ƙarancin gona, a yankin da ke cikin mafi cunkoso a karkarar Ghana. Gonaki suka matso, aka sari itace don gawayi, masu haƙar zinare suka shiga, hanyar giwa ta tsuke.

Giwayen sun fi ɓarna ne a ƙarshen damina zuwa kaka, daidai lokacin da masara da dawa suka nuna, a gundumomin Bawku ta Yamma da Nabdam da Talensi. Garke yakan shiga gona da dare. Kafin gari ya waye karan ya kwanta, zangarniya ta tafi, sai manyan sawu da tulin kashi. Magidanci ya kwana a bukka yana kaɗa gwangwani da hura wuta, wani lokaci ya rasa ransa. Doka ta hana shi harbi. Babu otal kusa da shi, babu ƙofar karɓar kuɗi, babu ɗansa da ke aikin jagoran baƙi. A idonsa giwa dukiyar gwamnati ce da ke kiwo a aljihun talaka.

Ga shi kuma yankin yana da abin nunawa. Wurin tsafin Naa Gbewaa, kakan sarakunan Mamprusi da Dagomba, yana Pusiga. A Kulungugu aka jefa wa Kwame Nkrumah bam ranar 1 ga Agusta, 1962. Kusasi suna bikin Samanpiid na godiyar girbi a ƙarshen shekara, kasuwar Bawku kuma ta yi suna da albasa da dabbobi. Amma rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda ya sake ɓarkewa a ƙarshen 2021, ya kawo dokar hana fita da asarar rayuka. Ga kuma matsalar tsaro a tsallaken iyaka. Manomin Bawku ya rasa baƙo, bai rasa giwa ba.

Abin koyi daga Paga da Wechiau

Wurare biyu a arewacin ƙasar sun nuna cewa akwai mafita. A Paga, kan iyakar Burkina, mutane sun ɗauki kadojin tafkinsu a matsayin 'yan uwa, ba a kashe su, ba a cin namansu. Baƙo ya sayi kaza, mai kula da tafki ya kira, kada ya fito ya kwanta a tudu baki buɗe, har a kama jelarsa. Kuɗin yana tsayawa a gari. A Wechiau, bakin Baƙin Volta, sarakuna da jama'a suka keɓe gaɓar kogi don dorina a ƙarshen shekarun 1990, su ke sarrafa abin da aka samu, suka yi rijiyoyin burtsatse da makarantu. A duka wuraren, wanda ke zaune da dabba shi ne mai cin moriyarta. Tun shekarar 2000 Ghana ta amince da tsarin da ke bai wa al'umma ikon kula da albarkatun dajinsu. Abin da ya rage shi ne kuɗi da bin diddigi.

Kammalawa

Abubuwa huɗu suka fito daga wannan nazari. Na ɗaya, a ware wani kaso na kuɗin da namun daji ke kawowa don biyan diyya ga manoman hanyar giwa, tare da tallafa musu da shingen barkono da amyar zuma, waɗanda aka gwada a wasu wurare aka ga suna rage ɓarna. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na biyu, a tsara zagayen gabas daga Tamale zuwa Salaga da Yendi, a ɗora shi kan ziyarar Mole, domin baƙon kwana biyu ya zama na mako guda. Na uku, a horar da matasan zango da na fada su zama masu ba da labari cikin Hausa da Dagbani da Turanci. Na huɗu, a gane cewa sulhun Bawku shi ne sharaɗin komai a wannan kusurwa.

Akwai kuma baƙon da ba a taɓa nema ba: mu kanmu. Ɗan Kano da ɗan Maraɗi suna zuwa Ghana neman ciniki da sada zumunci, ba sa bukatar biza, ba sa bukatar tafinta a kowane zango. Jami'o'inmu suna koyar da tarihin fataucin goro ba tare da ɗalibi ya taka Salaga ba. Idan malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa suka fara ware kwanaki a hunturu don bin sawun madugai, kuɗin masauki da na jagora zai shiga hannun mutanen gabas, su kuma su sami dalilin da zai sa su bar wa giwa hanyarta.